Ƙafar Baba Arvid

Yatsun ƙafar tsohon sun riga sun yi baƙi-baƙi lokacin da aka turo shi ɗakin gaggawa na asibitin garin Duluth, Corinne na bin gadon a guje, takalminta duk ƙanƙara. Tun rasuwar mijinta ita ke jinyar surukinta Arvid, ciwon suga ya cinye shi, ita ce wanka, ita ce ɗauki-sauke, ba ta da kowa a duniya sai shi.

Darlene, babbar 'yar tsohon, ta tare ta a bakin ƙofa. A gaban jama'a ta shiga tona mata: wai ta zo hutu ta tarar ana barin ubanta yana kwana a kujera, ƙafa na reto kamar kayan shanya, sai da ita ta mayar da shi gado, ta ɗora ƙafar kan matasai, ta sa masa safar nan mai matsewa da ta sayo a kantin magani.

"Kin ci ƙanena, yanzu ubana kika juyo. Bare dai bare ce."

"Yaya, shi yake roƙo na, ya ce in ƙafar ta sauka ƙasa ne kawai yake samun barci..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Wayyo marainiya! Ta zame jikin bango tana roƙon Ubangiji ya bar masa ƙafarsa, ko da ita za a kora.

Da Likita Okerlund ta fito, sai ta kama babban yatsan Darlene ta danna farcen. Ya yi fari, ta saki, nan take ya koma ja. Ta ce wannan shi suke kira perfusion: ba gudun jini cikin jijiya kaɗai ba, ratsawarsa har cikin tsoka, yadda ruwa ke ratsa shuka. Jijiyoyin tsohon sun tsuke, jinin ba ya kaiwa sai ƙafar na ƙasa. Retonta ne ya raya ta. Matasai da safa suka yanke ɗan abin da ya rage. Ƙafar za ta tsira, amma yatsu biyu sun tafi.

Da Arvid ya farfaɗo bayan tiyata, bai ko kalli 'yarsa ba. Ya ce ta ajiye makullin gidansa ta koma inda ta fito. Sannan ya lalubo hannun Corinne, hawaye na gangara cikin gemunsa.

"Na gaya mata zafi nake ji, ta ce shagwaɓa ce. Yafe mana, 'yata."

Corinne ba ta gama share ido ba aka ƙwanƙwasa. Wata doguwar mace ce, da katin hukumar kare tsofaffi a wuya. Ta ce 'yar tsohon ta kai ƙarar cin zarafi tun jiya, kuma har a gama bincike, mai jinya ba za ta sake kusantar majinyacin ba.

"Wace ce Corinne a cikinku?"