Haƙori Na Uku

Torika na zaune a kicin ɗin mahaifinta a Nausori, hannun hagu cikin filasta, tana fama da feraye gwaza da hannu ɗaya, sai ga uwar mijinta Unaisi, wadda take kira Nei, ta faɗo ba ko ƙwanƙwasa ƙofa.

"Sannu da zuwa, Nei. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. An ce an gan ki kina bin gidajen mahaukata kina ba da sunan ɗana."

"Gidajen jinyar masu shaye-shaye ne, Nei."

"Duk ɗaya ne. Sakiusa ba ɗan ƙwaya ba ne, gajiya ce da mugayen abokai. Ran Asabar za mu kawo wa babanki tambuwa, haƙorin neman gafara, a binne maganar, ki koma ɗakinki. Shi kuma ya tafi tsibirin Kadavu gonar kawunsa, iskar ƙauye ta wanke shi."

Torika ta ajiye wuƙar. "Nei, jirgin ruwan da zai kai shi Kadavu shi ke kai musu ƙwayar. Har 'yan makaranta suna sha a can."

"Ji bakinta. To ke kika haife shi?"

Ni maƙwabciyarsu ce, shingen fure kawai ya raba mu, kuma wallahi ranar har tsintsiya na jefar don takaici. Na san yaran nan tun suna ƙungiyar mawaƙan coci, Sakiusa, da muke ce wa Saki, na kuskuren baiti saboda kallon Torika. Aure suka yi na so da ƙauna, ba wanda ya tura wani. Da ya fara tuƙin tasi ne wani ya koya masa farar ƙwayar nan da ake kira ƙanƙara, wai don kada barci ya ɗauke shi a kan sitiyari. In ta hana shi barci sai ya bi ta da giya. Haka yaro mai kunya ya koma abin da ya koma.

Karon farko injin kwalekwalen Peniasi, mahaifin Torika, ya sace ya sayar. Danginsa suka zo da tambuwa, haƙorin ƙaton kifin teku da muke neman gafara da shi, Peniasi ya karɓa. Karo na biyu ya zagi tsohon a ƙofar coci, aka sake kawo wani, ya sake karɓa. To mu nan in an karɓi haƙori magana ta mutu, wanda ya tono ta shi ne marar tarbiyya. Sau biyu ke nan ana ɗinke bakin Torika, Saki kuwa ba ya rufa mako sai ya koma. Na ukun shi ne da ya afka magudanar ruwa da tasi, tana zaune a gefensa.

Duk da karayar, yarinyar nan ba ta zauna ba. Ta hau bas ta je sansanin wani fasto a kan tudu, inda ake azumi da addu'a. Ta tambaye shi, "In jikinsa ya kama rawa, ya fara ganin abin da babu, wa zai duba shi?" Ya ce sai a ƙara ƙarfin addu'a. Ta yi godiya ta fito. Ta je wani wuri mai kama da otal, har da wurin ninƙaya, suka rantse mata cikin mako biyu zai dawo sabo fil. Wannan ma ta ce musu za ta yi shawara.

Inda hankalinta ya kwanta wani tsohon gida ne a bayan Lautoka, fentinsa duk ya kwaile. Nas ɗin da ta tarar ba ta ko yi mata murmushi ba.

"Ba zan yi miki alkawarin zai warke ba," in ji ta. "Wasu suna komawa. Muna da likita, zai yi watanni a nan, kuma dole danginsa su riƙa zuwa ana zama da su. Amma ba ma karɓar wanda aka jawo. Sai ya faɗa da bakinsa cewa yana sha."

Nan gizo ke saƙa. In aka binne maganar ran Asabar, Saki ba zai taɓa faɗa ba, don ba mai tambayarsa.

Ran Juma'a Torika ta durƙusa gaban mahaifinta, wanda take kira Ta. "Ta, don Allah kar ka karɓa."

"Haba 'yata. A zuriyarmu kaf ban taɓa jin wanda ya mayar da haƙori ba. So kike a ce Peniasi ya fi ƙarfin gafara?"

"Biyu na cikin akwatinka, Ta. Me suka gyara?"

Tsohon ya hau kakkaɓe tabarmar da ba ƙura a kanta. Mutumin kirki ne, amma kirkinsa wani lokaci haushi yake ba ni.

Ran Asabar da la'asar falo ya cika, maza a gaba, mu mata a baya. Saki na gefe cikin farar riga, kai a sunkuye, ya rame kamar sandar rake, ƙafarsa sai karkarwa take. Kawunsa Jolame ya gurfana da haƙorin a tafin hannu, ya ja dogon jawabi. Ya ambaci kakanni, ya ambaci zumunci, da ya zo kan laifin sai ya ce "ɗan tuntuɓen da yaro ya yi." Tuntuɓe fa. Yarinya na zaune da karyayyen hannu ana ce da abin tuntuɓe.

Peniasi ya gyara zama, ya fara miƙa hannu.

"Saki."

Muryar Torika ce daga cikin mata, inda ba a magana. Unaisi ta zabga mata harara, amma ba ta fasa ba.

"Ina son ka, kowa a nan ya sani. In Ta ya karɓa zan bi ka gida, in yi shiru kamar yadda na yi sau biyu. Abu ɗaya nake roƙo. Ɗago ka dube ni, ka ce yau ba ka sha ba."

"Peniasi, ka tsawata wa 'yarka," in ji Jolame.

Saki ya ɗago. Ya dubi filastar, ya dubi fuskarta. Can ya juya ga surukinsa Peniasi, wanda yake ce wa Momo.

"Na sha, Momo. Da safe, a bayan gidanmu, kafin in sa rigar nan. Da ban sha ba, da ban iya shigowa ba. Kar ka karɓa. In ka karɓa, gobe ma zan sha."

Unaisi ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. "Ta kashe mu, ta tona mana asiri a gaban mutane!"

Peniasi ya janye hannunsa a hankali, hawaye na bin gemunsa. Ya ce da Jolame, "Ba ƙi na yi ba. Ku ajiye shi tukuna, yaron nan ba shi da lafiya."

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Jolame ya fita ko sallama bai yi ba. A kasuwa aka riƙa nuna Torika da baki, wai ita ce matar da ta kunyata dangi biyu a zama ɗaya. Saki kansa, da aka kai shi Lautoka jiki ya fara neman abinsa, ba irin zagin da bai yi mata ta waya ba. Sau ɗaya har ya gudo tasha, ya zauna yana kallon motoci suna tashi, sannan ya koma da ƙafarsa. Duk ranar zaman dangi Torika ke hawa bas ita kaɗai, kujerar uwarsa na nan ba kowa. Ta sha zuwa wurina ta yi kuka ta share, ta ce, "Na gaji, amma ban gama ba."

Sai wata rana ta shiga ɗakin zaman ta tarar da Unaisi a kan kujerar, da ƙatuwar kula a cinya.

"Me kike kallo? Na ji an ce ba sa sa madarar kwakwa a kifi a gidan nan. Dubi yadda wuyansa ya yi. Ke kuma duk garin nan ba ki ga wuri mai fenti ba?"

Saki ya yi dariya, irin wadda muka manta yana da ita. Tun daga ranar Unaisi ba ta ƙara fashin zuwa ba, ko da yake mita ba ta daina ba.

Yanzu ya dawo gida. Ya bar tasi, yana aikin kafinta, kuma har yau yana zuwa ganin likitansa. Torika ba ta ce ya warke ba, cewa take yau dai lafiya. Abin da nake so 'yan baya su riƙe shi ne, yafiya abu ce mai kyau amma ba magani ba ce, kuma wanda ke son ka da gaske ba zai taya ka ɓoye ciwon da zai kashe ka ba. Haƙurin Torika ba na yin shiru ba ne, na tsayawa ne har a yi abin da ya kamata.

Makon jiya bayan taron mata na coci, matar mai wa'azinmu, wadda ta fi kowa yi da Torika, ta ja Unaisi gefe. Ina kusa, na ji. Ta daɗe tana kame-kame, wai wata ƙawarta ce ɗanta ba ya barci, yana ɗauke kayan gida.

Unaisi ta dube ta sama da ƙasa. "Bar zancen ƙawa, ɗanki ne, duk mun sani. Nawa ma haka ya yi. Ɗauki jakarki mu je wurin 'yata Torika, ita ta san inda ake zuwa."