Ruwan Zafi a Lok na Ƙarshe

Wahid ne ya yi booking ɗin jirgin ruwan, irin dogon siririn nan da Turawa ke kwana a ciki, wai a wuni a kan ruwa daga Tottenham a nuna wa Luba gari. Luba 'yar ƙanwar mahaifiyarsu ce, ta zo karatu daga Haɗeja bayan rasuwar Innarta. Ƙanwar Wahid kuwa, Jamilatu, ta biyo su ne don ta samu abin dariya.

Jamilatu ta iya kwaikwayo. In ta ji muryarka sau ɗaya, to ta zama tata. Kafin azahar ta yi limaminsu, ta yi matar da ke sanarwa a jirgin ƙasa na tube, ta yi Luba tana gaida agwagi.

Aikin lok Luba aka bar wa. Lok ɗaki ne na ruwa mai ƙofa biyu: jirgi ya shiga a rufe, wani ya hau sama ya murɗa ƙarfe, ruwa ya shigo ya ɗaga jirgin. Mai hayar ya ja musu kunne cewa a murɗa kaɗan-kaɗan, don in aka buɗe gaba ɗaya ruwan zai zubo kan goshin jirgin ya danne shi.

A wani lok, Luba na tura ƙofa da bayanta tana haki, Jamilatu ta laɓe a cikin jirgi. Ta sha jin saƙonnin Inna da Luba ke kunnawa a waya. Ta gyara maƙogwaro.

"Lubabatu, kin ci abinci?"

Luba ta juyo da sauri, baki buɗe, ido na neman mai maganar. Jamilatu ta yi dariya har da hawaye. Wahid ya ce abin bai yi ba, amma shi ma yana murmushi.

Sun isa lok na ƙarshe rana ta faɗi. Wannan ya fi sauran zurfi. Ƙofar baya ta rufu, gum. Bango baƙi ta ko'ina, yana tsatsafo da ruwa, ga warin gansakuka da na mataccen kifi. Wahid na can ƙarshen jirgi riƙe da sitiyari, ƙarar inji ta toshe masa kunne. Jamilatu ta fito gaba da tukunyar taliya tana tururi, za ta tsiyaye ruwan.

Luba ta leƙo daga sama. "Yaya Jamila, magariba ce fa. Ki yi bismilla kafin ki zuba, akwai masu wurin."

Jamilatu ta maimaita mata maganar da muryar ita Luban, har da rawar bakin, ta tambaye ta ko aljanun Haɗeja ma ana ba su visa. Sannan ta sheƙa ruwan tsakanin jirgi da bango.

Wani abu ya yi ƙara a ƙasa. Siririya, irin ta jaririn da aka ɗiga wa wuta.

Tururin bai tashi sama ba. Ya kwanta kan ruwa, yana warin ƙonanniyar fata.

Jamilatu ta ji sanyi a wuya, kamar jiƙaƙƙun yatsu suna lalube. Suka tsaya a maƙogwaro. Suka zare wani abu, a hankali, kamar zare daga bakin zane.

Sai bango ya yi magana, da muryarta.

"Ke Luba, buɗe duka mana. Baƙauya kawai."

Luba ta wuni tana bin umarni. Ta murɗa har ƙarshe.

Ruwan ya zubo kamar an fasa gini. Ya doki Jamilatu a ƙirji, ya tafi da tukunyar. Goshin jirgin ya sunkuya. Ruwa ya kai gwiwa.

Ta buɗe baki ta ce a rufe. Iska kawai.

Ta nemi muryar liman. Babu. Ta Wahid. Babu. A cikin bango wata na dariya, dariyarta ta ɗazu.

Ruwa ya kai ƙugu. Ƙananan hannaye suka kama gefen siket ɗinta.

Murya ɗaya aka bar mata, can ƙasa: ta Inna.

"Lubabatu. Rufe."

Luba ta saki ƙarfen, ya faɗi ya toshe kafar ruwan. Ruwan ya tsaya. Hannayen suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Wahid ya ce haɗari ne kawai. Likitoci sun duba maƙogwaron ba su ga komai ba, an yi ruƙiyya a Plumstead ba a ji komai ba. Har yau in Jamilatu ta buɗe baki, tsohuwar Haɗeja ce ke magana. Ta bar aiki. Ba ta ɗaga waya.

Luba ce kaɗai ke zuwa. Duk Asabar takan hau bas da kular tuwonta, ta zauna a ƙasa ta jingina kai da gwiwar Jamilatu, ta lumshe ido. Jamilatu kan girgiza kai tana hawaye. Luba ba ta gaggawa.

"Yaya Jamila," takan ce a hankali, "tambaye ni ko na ci abinci."