Ɗigon Tawada a Fuskar Binaya

Ranar da Danang ya fara ganin Kinanti, a gajiye yake tiɓis. Awa bakwai ya yi a jirgin ƙasa daga Jakarta zuwa Yogya, sannan ɗan acaɓa ya yi ta zagaye da shi cikin lungunan unguwarmu kafin su gano gidan Pak Darsono, tsohon nan mai zanen littattafai. Ya ƙwanƙwasa, wata budurwa ta buɗe, Kinanti ke nan, 'yar tsohon. Baƙa ce mai sheƙi, gashinta a nannaɗe, kuma ko rigar aikin kantin magani ba ta kai ga cirewa ba.

"Wa ake nema, Mas?" ta ce, yadda ake kiran saurayi a nan.

"Bapak, wato Baba. Daga kamfanin fim nake, ni ne mai rubuta labarin Binaya."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi kwalin kek ɗin da ya rungumo. "Au, ku ne. Shigo, amma ka bar takalmi da alƙawari a waje."

Kowa a ƙasar nan da ya haura shekara ashirin da biyar ya san Binaya ta littattafan zane, 'yar masunci daga tsibirin Seram, mai ɗaure kai da ƙyalle, mai nutso har ƙasan teku tana faɗa da masu kashe kifi da nakiya. Pak Darsono ne ya ƙirƙire ta shekara arba'in da suka wuce. Tun a lokacin ya sa wa maɗaba'a hannu a takardar da bai karanta ba, takardar ta yi ta sauya hannu har ta faɗa wa masu fim. Ba izininsa suke nema ba yanzu. Hotonsa kawai suke so yana murmushi, don talla.

Danang ya zauna a tabarma ya fara zuba. Ya ce tun yana firamare yake karɓar Binaya a shagon hayar littattafai, da kuɗin abincinsa na makaranta. Sai ya zaro waya ya nuna hoton jarumar da aka zaɓa, fara sol, mai dogon hanci.

"Wace ce wannan?" in ji tsohon.

"Binaya ce, Pak. An ɗan gyara sunan, Bianca. An mayar da ita 'yar wani attajirin Jakarta, ta yi karatu a waje. Amma kamannin kam, ai sak."

Pak Darsono ya yi wa 'yarsa alama, ta jawo wani faffaɗan akwati daga ƙarƙashin gado. Shafukan asali ne, manya, sun yi ruwan ƙasa don tsufa. Danang ya sunkuya a kan na farko, ya kasa ɗagowa. Binaya baƙa ce. Fuskarta, wuyanta, hannuwanta, duk ɗigo-ɗigon tawada ne ƙanana kamar gero, dubbai.

"Ba ni da kuɗin takardar inuwa da ake kawowa daga waje," in ji tsohon. "Da bakin alƙalami na yi, ɗaya bayan ɗaya. Fuska guda, kwana uku. Ku kuwa 'yan shagon haya fotokwafi kuka karanta, kwafin kwafin kwafi. A karo na uku injin ya gama cinye ɗigon, sai layi ya rage."

Danang ya ɗaga kai. A bango akwai hoton wata mata cikin firam, marigayiya Bu Rugaya, matar gidan, 'yar Seram. Ya dubi hoton, ya dubi shafin, ya dubi budurwar da ke tsiyaya masa shayi. Fuska ɗaya ce sau uku. Kunya ta kama shi, kuma abin haushi, a cikin kunyar nan ne so ya samu ƙofar shiga.

A bakin ƙofa ya nemi lambarta, wai saboda aiki.

"Aikin wanke mahaifiyata da sabulu?" Ta yi ajiyar zuciya. "Kawo wayar. Na gaji da tsayuwa, tun safe nake sayar wa mata man bilicin, yau ma wata ta ce in gwada."

Ya koma Jakarta da zumuɗi, yana ganin ya gano kuskuren da za a gode masa. Bu Melinda, furodusar fim ɗin, ko kai ba ta ɗago daga kwamfuta ba.

"Na sani tun farko, Danang. Kana tsammanin ba mu ga bugun asali ba? Duba wanda ya ɗauki nauyin fim ɗin, masu man shafawa ne. Je ka ƙara mata saurayi mai jirgin ruwa."

Ya rubuta kwafi na bakwai ya saka Seram, aka cire. A na takwas ya roƙa a bar mata ko da uwa baƙa, aka ce uwar ta mutu tun tana jaririya, kuma ba hoto. A na tara ya daina roƙo. Abin da ke riƙe shi a watannin nan, saƙon Kinanti ne a lokacin hutun rana.

"Mai Bilicin, ka ci abinci?"

"Na ci taliyar leda. Yau sun ce Binaya ba za ta yi nutso ba, ruwa na ɓata kwalliya."

"Allah sarki. Ni kuma na sayar da kwalba sha huɗu. Mu biyu sana'armu ɗaya, kai da alƙalami ni da leda."

"'Yar Ɗigo, idan na zo ran Asabar za ki fito?"

"Ka zo da takalmi mai sauƙin cirewa."

Asabar bayan Asabar yana hawa jirgin nan. Sukan zauna a bencin mai shayin bakin titin jirgi, su ci ɗan ƙunshin shinkafa, wani lokaci barci ya kwashe shi a zaune tana kore masa ƙuda da jarida. Soyayyar gajiyayyu ce, ba waƙa ba fure, amma mu da muke wucewa mun san ta kama.

Sai aka yi bikin sanar da fim. Hoto ya bazu a wayoyi: Danang cikin kwat, jarumar ta rataya hannu a kafaɗarsa, bayansu ƙaton allo da farar Bianca, ƙarƙashi an rubuta sunansa a matsayin marubuci. Abokan aikin Kinanti suka yi ta miƙa mata waya, kowa da irin tausayinsa na ƙarya.

"Kun dace," ta rubuta masa. "Launinku ɗaya da allon."

"Dik, ƙanwata, mai hoto ne ya ce mu matso. Ko sunana ba ta riƙe ba, Dadang take ce min."

"Ba ita ce damuwata ba, Mas. Murmushinka ne. Na san ka iya murmushin dole, amma ban san ka iya shi a gaban wannan ba."

Kwana goma sha ɗaya ba ta ƙara amsa masa ba. A na sha biyu ya shiga ofishin Bu Melinda ya ce a cire sunansa, ya ajiye katin shiga ofis a kan teburinta. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta kira wani marubucin tun bai kai ƙofa ba. Fim bai girgiza ba ko kaɗan.

Ya zo Yogya da jaka ɗaya da kawunsa, suka zauna gaban Pak Darsono, kawun ya faɗi abin da ya kawo su, neman auren Kinanti. Kinanti na bayan labule, fushinta ya riga ya sauka tun da ta hango jakar.

"A'a," in ji tsohon.

"Pak, na bar aikin. Sunana ba ya kan fim ɗin."

"Barin aiki kowa ya iya. Kwafi tara ka rubuta da hannun nan. Wanda ya goge uwar, in ba shi 'yar? Gobe a ce masa ita ma ta yi duhu da yawa, ya je ya gyara?"

Maganar ta yi nauyi, amma wa zai ce ƙarya ce? Kawun ya sha shayinsa ya kama hanyar tasha. Danang bai bi shi ba. Ya kama ɗan ɗaki kusa da kasuwa, ya samu aikin gyara rubutun ɗalibai, kullum bayan la'asar ya zo ya gaishe da tsohon, a amsa masa da ka. Kinanti ta rame, ta rage magana. Wata rana tana kwashe kwanuka ta ce, "Bapak, ni ba zan yi aure ba da yardarka ba. Amma ka sani na gaji, kuma shi kaɗai ne in na gan shi gajiyar ke raguwa."

Washegari tsohon ya sa aka jawo akwatin. Daga can ƙasa ya zaro wani shafi da ko Kinanti ba ta taɓa gani ba. Fuskar Binaya ce babba, ta cika takardar, tana fitowa daga ruwa. Layi ne kawai, ba ɗigo ko ɗaya.

"Na zana shi satin da Rugaya ta rasu. Kafin in fara ɗigon, hannun ya soma rawa." Ya ɗaga hannun, yana ta karkarwa. "Shekara tara tana kwance fara a cikin akwati, irin yadda kuke so. Ka mayar mata da fatarta. In ka ɓata, babu wani, kuma kada ka sake taka gidan nan."

Danang marubuci ne, ko kaza bai iya zanawa ba. Sati uku ya yi yana gwaji a kan takardun banza, a teburin baranda, tsohon na zaune gefe yana kushe.

"Wannan ƙyanda ce."

"Wannan kuma ka shafa mata baƙin tukunya. Kai a ganinka baƙar fata duhu ce kawai? Nduk, 'yata, zo ki zauna nan inda rana ke faɗowa. To, dube ta. Ina hasken yake?"

Danang ya duba. Ya sha kallon fuskar nan, amma bai taɓa yi mata irin wannan kallon ba. Hasken na kan ƙashin kunci, da tsinin hanci, da ɗan wuri a ƙarƙashin leɓe.

"Nan za ka warwatsa ɗigon, ka bar takarda ta yi numfashi. Inda inuwa take, ka matso da su."

"Mas, wuyana ya ƙage," in ji Kinanti, ba ta motsa ba.

"Yi haƙuri, 'Yar Ɗigo. Saura kunci ɗaya."

"Haka ka ce jiya."

Abin da tsohon ke yi a kwana uku, wata biyu ya ci wa Danang. Idonsa ya yi ja, bayansa ya riƙe, yatsarsa ta tsakiya ta yi kanta. A cikin watannin ne fim ya fito, allunan Bianca suka cika titi, mutane suka yi layi suka kalla, wasu suka yi surutu a waya na kwana biyu aka manta. A barandar nan ba wanda ya ɗaga maganar.

Ranar da ya ajiye alƙalami, Pak Darsono ya sa tabarau ya daɗe yana kallon shafin. Ya kai yatsa kusa da kuncin, bai taɓa ba.

"Goshin ya yi nauyi," ya ce. "Amma ita ce." Ya cire tabarau ya goge. "Ka ce wa kawunka ya dawo. Wannan karon a kawo kek mai ɗan daɗi."

An ɗaura auren wata safiyar Lahadi a masallacin unguwa. Da aka tambayi Kinanti abin da take so na sadaki, ta ce dadduma da hijabin salla kamar kowa, sai kuma shafin nan. Mahaifinta ya ce takardarsa ce amma ɗigon na yaron ne, ya bar masa halak malak. Aka sa shi a firam aka jingina gaban mai ɗaurin aure, wanda ya ce shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa rubuta "fuska ɗaya" a takardar aure ba.

Pak Darsono ya miƙa hannu ya kama na Danang, kamar yadda waliyyi ke yi, ya faɗi kalmomin bayarwa. Hannun tsohon na rawa, na saurayin ya riƙe shi. Danang ya ja numfashi ya karɓi auren Kinanti 'yar Darsono a kan sadakin da aka ambata, tiryan-tiryan bai yanke ba. Shaidu suka ce ya ɗauru.

Amma tsohon bai saki hannun ba. Babban yatsansa ya lalubo kantar nan a gefen yatsar Danang, daidai inda tasa take tun shekara arba'in, ya yi ta shafa ta, hawaye na bin kumatunsa.

"Bapak," in ji Kinanti a hankali, "sakar min mijina, mutane na jiran abinci."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya hutar da su gajiyar da suka sha. Shafin yana rataye a falonsu, gefen hoton Bu Rugaya, kuma Kinanti ta hana kowa ɗaukarsa a fotokwafi.