Nauyi a Bayan A-kori-kura

Ku yi haƙuri da karambanina, ban taɓa rubuta labari ba.

Wani direba ya ɗauko sabuwar a-kori-kurar maigidansa ba izini, don 'yarsa ta shiɗe cikin dare, asibiti kuma da nisa. Motar mai canza giya da kanta ce, ko ƙararta ba a ji. Matarsa na gefensa, rungume da yarinyar.

Suna fita gari fitila ta hasko wata tsohuwa a bakin hanya tana ɗaga hannu. Bai tsaya ba. Nan take giyar ta sauka, ƙwas, injin ya hau gurnani kamar ana hawan tudu, alhali hanyar a shimfiɗe take.

"Malam, taka mana, jikinta sanyi yake yi," in ji matar.

"Wallahi na taka har ƙasa, ita ce ta ƙi."

Can gaba sai ga tsohuwar kuma, zanenta ko motsi ba ya yi duk iskar da ake. Giyar ta sake sauka. Yanzu mai keke ma zai wuce su. Ya shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Suka sha kwana, ba kowa a bakin hanya. Sai bayan motar ya lotsa a hankali kamar an hau, aka ƙwanƙwasa gilashin da ke bayan ƙeyarsa.

"Ɗana," in ji wata murya daga cikin gurnanin injin, "miƙo min yarinyar, sai motar ta sake ku."

Ni dai iya nan zan iya. Bari in sulale tun ba a waiwayo an gan ni ba.