Keken Ɗinkin Tela

"Buɗe bakinka in gani."

Yayan matata ne, tsaye a ƙofar ɗakina, ko sallama babu. Na buɗe. Haƙora huɗu ƙanƙara ta cinye min, farar ƙwayar nan da muke ƙonawa a bututun gilashi muna zuƙa. Ya yi dariya.

"Wata tara a gidan gyaran hali, wannan bai gyaru ba? To, ga ƙanwata na kawo. Sati ɗaya. Ta ga abin da bai yi mata ba, in zo in ɗauke ta, kuma shi ke nan."

Ta shigo da 'yarmu a kafaɗa. Ba ta kalle ni ba.

"Sannu da zuwa, Tela." Haka nake kiran ta tun muna zance.

"Telar da ba ta da keke?"

Ni mai gyaran waya ne. Lokacin da nake sha, hannuna ba ya zama. Rediyo, fanka, agogon bango, duk sai in kwance su, in wuni a ƙasa cikin kusoshi ban mayar da ko ɗaya ba. Na ƙarshe keken ɗinkinta ne, wanda marigayiya mahaifiyarta ta bar mata. Ta riƙe min hannu ranar, na mare ta da shi.

Kwana biyar muka yi lafiya. Yarinyar ta yarda na ɗauke ta. Tela har ta yi dariya sau ɗaya, ta yi maza ta haɗiye.

Rana ta shida ta kai yarinyar rigakafi. Na jawo kwalin da ke ƙarƙashin gado, keken ne a ciki gunduwa-gunduwa. Na ce bari ta dawo ta tarar yana ɗinki. Na jera komai a ƙasa. Zufa ta dame ni, na cire riga. Na manta da lokaci.

Ƙofa ta buɗe.

"Innalillahi..."

"Tela, tsaya, haɗawa nake..."

"Haka ka ce wancan karon!"

"Wallahi ban sha ba! Mu je a gwada ni yanzu!"

"Kada ka taso!" Ta ja da baya, ta rufe idon yarinyar da tafin hannu.

"Hasken idona, dube ni mana..."

"Na dube ka. Ba riga, a ƙasa, cikin kusoshi." Ta ƙara rungume yarinyar. "Ko ka sha ko ba ka sha ba, Baban yarinya, ƙirjina ba ya jiran gwaji."

Kafin la'asar yayanta ya zo. Ya tsallake ƙarafan yana murmushi.

"Sati ma bai cika ba. Ka hutar da ni."

Ya tafi da su. Kwana biyu na yi ina haɗa keken. Na zuba mai, na taka, ya ɗinka layi miƙaƙƙe a kan tsumma. Na ɗora shi a ka har gidansu.

Ba ta fito ba. Shi ya fito.

"Ta ce ka sayar, ka sha."

"Ita ta faɗa, Yaya?"

Ya rufe ƙofa.

Na ajiye keken a nan, tsumman na ƙarƙashin allura. Hanyar gida ta bi ta lungun mai sayar min da ƙanƙara. Na tsaya a bakin lungun na daɗe ina kallon ƙofarsa.

Sai na zaga ta doguwar hanya. Ba wanda ya gani.