Gurbin Tabarau a Hancin Umma

Umma tana zaune a bakin gado, ta ɗora hannuwa a cinya kamar wadda za a cire wa haƙori. Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta baje kayan sana'arta a kan zanin gadon: kwalaben fandeshan da ake shafa wa fuska kafin hoda, hoda kala-kala, burushi manya da ƙanana, ga kuma fitilarta mai zagaye da take haska amare da ita. Kwalliya ce sana'ar Auta, kuma ba a taɓa jin amaryar da ta fito daga hannunta ta koka ba. Sai dai duk amarenta babu wadda ta kai talatin, Umma kuwa ta daɗe da ba hamsin baya.

Umma tela ce. Tun da mijinta ya rasu da keken ɗinki ta raini 'ya'yanta biyu, har babban ya zama injiniya, ƙaramar ta buɗe shago. Da ido ya fara gaza zura zare a allura, sai ta je wajen Mai Tabarau, wani dattijo marar yawan magana wanda shi ma matarsa ta rasu. Ya auna idonta, ya yi mata tabarau, ya ce ta dawo bayan 'yan kwanaki. Da ta dawo bai tambaye ta ko yana damun ta ba. Zare shi ya yi daga fuskarta, ya dubi gurbin da ya bari a gefen hancinta, ya ce na hagu ya fi zurfi, wato can yake danne ta. Ya ɗan lanƙwasa ƙarfen ya mayar mata. Haka yake aikinsa, hanci yake karantawa, don a cewarsa mutane na jin nauyin faɗin gaskiya, hanci kuwa ba ya jin nauyin kowa.

Daga ranar tabaraun Umma ya zama mai yawan lalura. Yau hannunsa ya sake, gobe ya karkace, jibi gilashin ya yi hazo. Ba a daɗe ba Mai Tabarau ya gaji da gyaran abin da lafiyarsa lau, ya fito fili ya ce aure yake so.

Nan gidaje biyu suka ɗauki zafi. Injiniya ya ce shi dai bai ga abin da Umma ta rasa ba, ga ci ga sha ga jikoki, me abokansa za su ce idan suka ji uwarsa amarya ce? A can ɓangaren kuma akwai Gwaggo, yayar Mai Tabarau, wadda ta raine shi tun yana yaro, har yau da furfurarsa ba ya ƙetare maganarta. Ita yarinya mai jini a jika take so ya aura, wadda za ta kula da shi idan ƙarfi ya ƙare. Da ya nace, ta ce to, za ta zo ta ga telar da idonta, abin da ta gani shi za a yi. Yau ce ranar zuwanta.

Auta na son wannan aure, kuma ta ɗauki alkawarin sai Gwaggo ta rantse Umma ba ta wuce arba'in ba. Akwai wata manhajar AI a wayarta wadda take aiki da ita kullum: a ɗauki hoton fuska, a rubuta shekaru, ita kuma ta duba fatar ta faɗi kayan da suka dace. Ta kunna fitila ta ɗauki Umma. Kyamarar wayar Auta tana da filta mai goge fuska, ta daɗe da kunna shi saboda hotunan amare har ta manta yana nan. A wajen shekaru kuma ta rubuta arba'in. Umma ta leƙo ta ce wannan ai ƙarya ce.

"Haba Umma, ba ƙarya ba ce, ragi ne," in ji Auta. "Ke dai ki rilas, ki kwantar da hankali, ki bar min komai."

Manhajar ta ga fuska sumul ba layi ko ɗaya, ta ga an ce arba'in, sai ta ba da shawara daidai da abin da aka nuna mata: fandeshan mai kauri, hoda a sama don ta kama. Auta ta shafa, ta ƙara, ta toshe ƙasan ido, ta bi gurbin tabaraun nan na hanci ta cike shi tas. Da Umma ta miƙa hannu za ta ɗauki tabaraunta, Auta ta riga ta, ta jefa shi cikin jaka. Ta ce shi ne ke tsufar da ita, kuma zai kwashe kwalliyar hanci. Ta miƙa mata madubi. Umma ta duba ta ga wani haske-haske mai kama da fuska, ta ce to, Allah ya sa alheri.

Mai Tabarau ne ya kawo baƙin. Ya tsaya a bakin ƙofar falo suka gaisa, ya dubi Umma, ya sake duban ta, sannan ya ce zai jira a mota. Mata biyu suka shigo, Gwaggo da wata maƙwabciyarta da ta rako ta. Umma ta hangi inuwa biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarama, ta yanke hukuncin cewa babbar ce Gwaggo. Ta durƙusa a gaban maƙwabciyar ta kwararo gaisuwa, ta tambayi jiki, ta tambayi gida, ta yi godiyar rainon da aka yi wa Mai Tabarau. Ita kuwa Gwaggo, 'yar tsohuwa siririya, Umma ta ɗaga mata hannu ta ce, "Sannu 'yar rakiya."

Ba wanda ya gyara mata da wuri, Auta tana kicin. Da gaskiya ta fito, Umma ta rikice, ta ɗauki butar shayi ta zuba rabi a kofi rabi a faranti. Falon akwai zafi, ga kunya ta ƙara nata. Gumi ya keto, fandeshan ya tsattsage, hoda ta bi kowane layi na fuskar ta kwanta a ciki, layukan da da sai an matso ake gani yanzu ana hango su daga ƙofa. Umma ba ta san abin da ke faruwa a fuskarta ba, murmushi kawai take yi, murmushin kuma yana ƙara fasa aikin.

Gwaggo ba ta sha shayin ba. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Mace ta ɓoye shekarunta, ta ɓoye makantarta, me kuma ya rage ba ta ɓoye ba? Shi zai yi jinyar ki ko ke za ki yi tasa?"

Bayan sun fita Umma ta karɓi tabaraunta ta shiga ɗaki ta tsaya gaban madubi. Sai a lokacin ta ga abin da baƙinta suka zauna suna kallo. Ba ta yi wa Auta faɗa ba. Ta ɗebi ruwa ta wanke fuskar, hawaye na bin ruwan, don abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma ba tsufan ne ya fi ƙona mata rai ba, a ce mata maƙaryaciya ne. Auta ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafarta tana kuka tana cewa ita ta jawo. Injiniya da ya ji labari ya ce ai dama ya faɗa, Allah ne ya rufa asiri tun abin bai yi nisa ba.

Kwanaki suka wuce. Mai Tabarau ya zo ƙofar gida ba sau ɗaya ba, Umma ta aika a ce masa tana da ɗinki. Shi bai fasa zuwa ba, bai kuma saɓa wa yayarsa ba, ya dai ce mata in ba telar ba to ya haƙura da aure. Umma ta ci gaba da taka kekenta, ba ta zagi kowa ba, ba ta kai ƙarar kowa ba. Tabaraun ya karkace da gaske a wannan karon, yana danne mata hanci, ta bar shi haka.

Wata safiya ta kira Auta ta ce ta sa mata manhajar nan a tata wayar, tsohuwar da ba ta san wani filta ba. Auta ta zaro ido, ta ce ita ta yi zaton Umma ba za ta ƙara son jin sunan abin ba. Umma ta ce na'urar ba ta yi mata laifi ba, abin da aka faɗa mata ta yi aiki da shi. Ta tsaya a bakin taga inda hasken rana ke shigowa, tabarau a fuska, ta ɗauki hoton da kanta. Ta rubuta shekarunta cif, ba ragi. Manhajar ta tambayi ko fatar na bushewa, ta tambayi ko kullum ake sa tabarau, sannan ta tambayi me ake so a ɓoye.

"Ce mata babu," in ji Umma. "So nake in yi kama da kaina ranar da na yi barci mai kyau."

Amsar da ta fito ta ba Auta kunya, don kusan duk rage kaya ne. A fara da man shafawa a bar shi ya shiga jiki. Fandeshan mai ruwa-ruwa ɗan kaɗan, a dangwala da yatsa inda ake bukata kawai. Kada hoda ta je ƙasan ido, can take taruwa. Jan baki mai taushi, ba mai bushewa ba, gira kuma a bi ta da sauƙi. Hanci a bar shi kusan yadda yake, tunda tabarau zai zauna a kai. Manhajar ta ƙara da cewa hoto na iya ruɗin ta a kan kala, don haka a gwada a gefen muƙamuƙi a fita rana a duba. Auta ta yi yadda aka ce, hannunta na ƙaiƙayin ƙarawa, Umma na buge shi. Da aka gama Umma ta dubi madubi da tabaraunta, ta ga layukanta suna nan, amma fuskar ta yi haske, kuma tata ce.

Injiniya na falo lokacin da ta fito da mayafi. Ya tambayi ina zuwa, ta ce gidan Gwaggo. Ya fara maganar abokansa, Umma ta tsaya ta dube shi.

"Babana, ranar da ka kawo min matarka, ka ji na tambayi abin da ƙawayena za su ce? Kai da yamma gida kake komawa ka tarar da mai ce maka sannu da zuwa. Ni keke nake tararwa."

Bai taɓa jin ta yi irin wannan maganar ba. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗauki makullin mota ya ce shi zai kai ta.

Sun tarar da Gwaggo a tsakar gida tana fama da allura, za ta ɗinke bakin mayafinta. Umma ta wuce kai tsaye ta durƙusa a gabanta, ta ba da haƙurin abin da ya faru, ta faɗi shekarunta ba tare da an tambaye ta ba. Ta ce idonta ba ya aiki sai da tabarau, gwiwarta ta dama tana ciwo idan ta daɗe a kan keke, ban da wannan ba ta da abin ɓoyewa. Gwaggo ta daɗe tana kallon fuskar. Sannan ta miƙa mata allura da zare. Umma ta zura a karon farko, ta jawo mayafin ta ɗinke bakin, ta ciji zaren ta mayar.

Gwaggo ta juya ɗinkin ta duba bayansa. Muryarta ta sauko, ta ce ita ba ƙin Umma take yi ba. Ita ta goya ƙanen nata, ita ta yi masa komai, tsoronta ta mutu ta bar shi a hannun wadda ba za ta faɗa masa gaskiya ba. Daga nan ta matso ta rage murya ta tambayi me aka shafa yau, don ita duk hodar da ta sa sai ta mayar da ita kamar bangon da ya sha ruwa. Umma ta ce Auta za ta zo ta nuna mata, amma sai ta shirya faɗin shekarunta. Gwaggo ta ce wannan kuma sai ta yi shawara.

Ana haka Mai Tabarau ya yi sallama, an aika masa. Ya gaisa da Injiniya, ya gaida yayarsa, sannan ya dubi Umma. Ya nemi izini ya zare tabaraun daga fuskarta, ya dubi gefen hancin. Ya ce ranar nan ya nemi gurbin nan ya rasa, shi ya sa ya koma mota, don ji ya yi kamar wata aka fito masa da ita.

"Yau ga shi nan. Amma na hagu ya yi zurfi da yawa, kin daɗe ba ki zo gyara ba."

Umma ta sunkuyar da kai. Gwaggo ce ta amsa, tana ninke mayafinta.

"To ka gyara mata yanzu. Nan gaba a gida za ka riƙa gyarawa, ba sai ta sha wahalar zuwa shago ba."

Haka haƙurin Umma ya biya ta, ba ta rama ba, ba ta yi gaba da kowa ba, ta dai koma ta gyara da gaskiya abin da ƙarya ta ɓata. Kwalliya ba laifi ba ce, neman shawarar na'ura ma ba laifi ba ne, amma na'ura da mutum duk abin da ka nuna musu da shi za su yi maka hukunci. Wanda ke son ka don Allah kuwa, sau da yawa abin da kake ta ƙoƙarin rufewa shi yake nema a fuskarka. Ranar ɗaurin aure Auta ce ta yi wa Umma kwalliya, da ta zo kan hanci ta ɗauke hannunta ta bar gurbin yadda yake.