Baƙuwar Bututun Hayaƙi

Tun kafin la'asar duhu ya rufe tsibirin, kamar yadda ya saba a tsakiyar hunturu. Torleif ya dawo daga kamun kifi, ya tuɓe takalman roba a bakin ƙofa, ya ɗora dankali a wuta. 'Yarsa Oddny tana zaune a teburin kicin, littafin makaranta buɗe a gabanta, amma idonta ba ya kansa. Gidansu ne na ƙarshe a kan hanya, bayansa sai duwatsu sai teku. Tun da uwar yarinyar ta rasu a bazarar bara, haka suke zaune su biyu kamar baƙin da masauki ya haɗa. Shi ya dafa, ita ta wanke, kowa ya shige ɗakinsa.

Iskar arewa ta taso. Marfin ƙarfen da ke bakin bututun fankar da ke zuƙe hayaƙin kicin, can ta waje, ya soma bugun bango. Ƙwas. Ƙwas, ƙwas. Shekara da shekaru yana haka duk ranar iska, amma a wannan yammacin ƙarar ta shiga har cikin haƙoran Torleif. Ya rage wuta, ya ɗauko tsumma da tocila.

Oddny ta ɗago kai ta ce, "Baba, ka bar shi mana."

Ya ce, "Ya ishe ni."

"Ni bai dame ni ba."

Ya jingina tsani cikin dusar ƙanƙara, ya hau, ya danna tsumman cikin bututun har ya toshe, ya ɗaure marfin da waya. Da ya dawo ciki, gidan ya yi tsit. Suka zauna cin abinci, ba abin da ake ji sai cokali a kan faranti.

Can sai aka ƙwanƙwasa. Wannan karon daga cikin bututun ne, daidai saman murhu, a hankali, kamar mai jin nauyin masu gida. Sannan wani abu ya faɗo cikin tukunya. Torleif ya leƙa. Tsakuwa ce baƙa, irin ta bakin teku, jiƙe da ruwan gishiri.

Washegari ya kwance ragar fankar ya haska ciki, bai ga komai ba sai maiƙo. Ya hau ya zare tsumman, ya kwance wayar. Marfin ya daina bugu ko da iska na kaɗawa, amma tsakuwa ba ta daina ba. Da zarar duhu ya sauka sai ta fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya, kicin ɗin ya cika da ƙarnin ciyawar teku. Oddny ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci. Likitan tsibirin ya auna ta, ya ce duhun hunturu ne, ya rubuta magani. Ta riƙa tsayawa a ƙarƙashin fankar ba takalmi, leɓenta na motsi, jikinta sanyi ƙalau kamar kifin da aka fito da shi yanzu.

Wata yamma ya dafa kafaɗarta ya ce, "Oddny, zo ki zauna."

Ta juyo. Fuskar tata ce, amma muryar ta wata tsohuwa ce mai kauri, wadda ke fitowa da ƙyar.

"Cire hannunka, Torleif."

Ya cire. Ya fita waje ya tsaya cikin iska ba riga mai nauyi, yana kallon fitilun gidajen da ke nesa. Sai a lokacin ya lura babu gida ko ɗaya a cikinsu da zai iya ƙwanƙwasawa ya faɗi abin da ya ji. Tun ranar jana'iza ya janye jikinsa daga mutane, su ma suka gaji suka ƙyale shi.

A tsallaken ruwa akwai wata tsohuwa, Elen-Berit, wadda ake kira idan jini ya ƙi tsayawa ko gida ya ƙi zama lafiya. Karatu take yi a kan mutum, addu'o'in da ta gada daga kakanta, ga Littafi Mai Tsarki a kanta kamar ruwa. Torleif ya sha yi wa masu zuwa wurinta dariya. Ranar ya buga mata waya.

Ta iso a jirgin ruwan rana, 'yar gajeriya da sanda. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne ɗan Hilbert mai cewa sana'ata ta tsofaffin mata ce? To ga tsohuwar ta zo. Ɗora mini kofi."

Ta sha kofinta ba gaggawa, har ɗan hasken da ke kan teku ya mutu. Sannan ta sa aka kashe fitilar kicin, ta zaunar da Oddny a kujera, ta ɗora tafin hannu a kanta, ta fara karatu ƙasa-ƙasa. An daɗe ba abin da ya motsa. Sai tsakuwa ta zubo gaba ɗaya a kan murhu kamar an juye buhu. Yarinyar ta sandare, idonta ya kafe a bango.

Elen-Berit ta ce, "Wace ce ke?"

Muryar ta ce, "Na riga gidan nan zuwa wurin nan. Na riga hanyar."

"Me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Shi ya rufe ni a ciki. Ni a bakin bututu nake zama, inda ɗumi ke fita. Ban taɓa shiga ba. Ya toshe ƙofa, na rasa mafita, na gangaro."

"Ai ya buɗe tun tuni. Fita."

"Na sami inda ya fi ɗumi. Kuma ta san ni. Kullum da yamma, idan yana ruwa, nan take tsayawa ta ba ni labari. Na makaranta, na uwarta, na abin da ta yi mafarki. Ni kuma in buga mata marfi ta san ana ji. Wa ke jin ta a gidan nan in ba ni ba?"

Torleif ya jingina da bango.

Elen-Berit ba ta dube shi ba. Ta ƙara danna hannunta, ta ɗaga murya da karatu, har yarinyar ta fara makyarkyata, wani nishi mai tsawo yana fita daga ƙirjinta.

Muryar ta ce, "Tsaya! Zan tafi, amma da ita."

"Ba ki isa ba."

"To muryarta kawai. Shi ba ya amfani da ita."

Torleif bai san lokacin da ya yi magana ba. Ya ce, "A'a. Don Allah, a'a. Ki ɗauki wani abu."

Idon yarinyar ya juyo kansa a hankali, ya daɗe a kansa.

"Marfina. Ka cire shi, ka kai tsohuwar rumfar jirgin ubanka da ke ƙarshen duwatsu, ka rataye shi inda iska za ta same shi. Kada ka sa wa rumfar kwaɗo."

Elen-Berit ta ce, "An ba ki. Amma yarinya ba za ta taka wurin ba, ke kuma ba za ki sake haye katangar gidan nan ba. Rantse da Wanda ya yi ki."

Ta rantse. Torleif ya hau tsani cikin iska, yatsunsa sun mutu don sanyi, ya kwance marfin. Yana zare ƙusar ƙarshe, wani numfashi mai ƙarni ya wuce ta gefen kuncinsa, ya yi wajen teku. Da ya koma ciki ya tarar da Oddny kwance a cinyar tsohuwar tana kuka da muryarta, tana cewa yunwa take ji.

Da zai raka Elen-Berit jirgi, ta ce masa, "Na yi nawa. Sauran aikin ba na karatu ba ne, kai ma ka sani."

Washegari ya kai marfin rumfar ya rataye, bai sa kwaɗo ba. Ya sayo sabon marfi mai roba a baki da ɗan maganaɗisu, wanda ba ya buɗewa sai an kunna fanka. Ya ɗaura shi da kyau. Iska ta yi ta haukanta har ƙarshen hunturu, kicin ɗin ko motsi.

Ya yi ƙoƙari. Yakan tambaye ta makaranta, ta amsa, ya rasa abin da zai ɗora. Ranar Asabar ya fara tafiya da ita ruwa, a can maganar ta fi zuwa musu da sauƙi, don ba sai sun kalli juna ba. Wata rana suna jan raga ta ce, "Ka san ina kewarta, Baba?" Bai tambaye ta wacce take nufi ba, uwarta ko baƙuwar bututun. Ya ce, "Na sani."

Da kaka ta zo Oddny ta tafi karatu birni, ta yi ƙiba, ta yi ƙawaye. Tana kiransa kowace Lahadi, suna daɗewa fiye da da.

Sauran kwanakin mako kuwa shi kaɗai ne. Idan iskar arewa ta taso da yamma, daga can ƙarshen duwatsu yana jiyo marfin, siriri, yana bugawa yana jira. Wani lokaci sai ya farga ya ga kansa tsaye a bakin ƙofa, takalman roba a ƙafa, bakinsa cike da labarin ranar. Har yanzu bai koma rumfar ba.